Ranar da Babu Lamba Tara a Cikin Sha Takwas

 

Maganar yau a gefen fili na ɗauko ta. Kwanakin baya, bayan la'asar, na tsaya kallon wasan sada zumunta a wani filin makarantar firamare da ke bayan kasuwar Dawanau. Lokacin kaka ne, karan dawa a jingine a gonakin da suka kewaye filin, ƙura na tashi duk inda aka taka. Ƙungiyar masu gida ta fi baƙin iya wasa nesa ba kusa ba. Suna da wani yaro siriri a gefen dama, in ya ɗauki ƙwallo sai ka ji 'yan kallo sun ɗauki sowa, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, ya kai bakin layi, ya ɗaga kai ya kwaɗo kuros mai kyau cikin sha takwas. Sai ƙwallo ta sauka a kan ɗan bayan baƙi, ya maido ta tsakiya. A sake ɗaukowa, a sake kwaɗowa, a sake maidowa. Golan baƙi har ya gaji da tsayuwa a raga ya fara fitowa yana cafe ƙwallo a sama babu mai ko taɓa masa riga. Aka tashi wasa babu ci.

Na tambayi wani dattijo da ke kusa da ni, wanda na ga alamar ya san yaran, na ce ina mai saka musu da ka? Ya ce ai dogon nasu bai zo ba. Ɗan dako ne a kasuwa, an kawo tirelar riɗi da rana, kuma ba ya barin lodi ya zo ƙwallo, domin da kuɗin dakon nan ake cefane a gidansu. Dattijon ya ƙara da cewa yaron ba shi da yanka, ba shi da gudu sosai, har wasu ma kan yi masa tsiya cewa ƙwallo tana tuntuɓe da shi. Amma duk ranar da ya zo, sai ka ga kowa yana ci.

Kalmar nan ta dattijo, cewa kowa yana ci in ya zo, ita ce abin da nake so mu tsaya a kai yau.

Mu fara da wurin da abin yake faruwa. Da'irar da muke kira sha takwas, zurfinta yadi 18 ne daga layin raga, faɗinta yadi 44. Ragar kanta faɗinta yadi 8, tsayinta ƙafa 8. A tsakiyar fili akwai sarari, ɗan wasa yana da damar ya tsayar da ƙwallo, ya juya, ya duba. Amma da zarar an matso bakin sha takwas, fili ya ƙare. 'Yan baya ba su da inda za su ja da baya kuma, don haka sai su dunƙule, mutum bakwai ko takwas a ɗan wuri, ga gola a bayansu. Gudu ba ya amfani sosai a nan, domin babu inda za a ruga. Yanka ma sai ka wuce ɗaya ka tarar da biyu. Abin da ya rage shi ne jiki, da tsawo, da sanin inda za a tsaya.

To me lamba tara na gaskiya, irin dogon nan, yake yi a wannan matsatsin? Abu na farko, yana cin mutum biyu. 'Yan bayan tsakiya biyu ba sa yarda su bar shi shi kaɗai da ɗaya, dole ɗaya ya manne masa, ɗaya ya tsaya kusa don ko ta kwana. Da an yi haka, lissafi ya canja: akwai wani a cikin 'yan wasanka da babu mai tsaronsa. Sau da yawa ɗan tsakiya ne da ya taho daga baya a makare, ya tarar da ƙwallo ta faɗo masa a wajen ɗigon fenareti. Shi za a ɗauka a kafaɗa bayan wasa, amma wanda ya ja masa mutum biyu zuwa turken farko, har ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari, ba a cika tuna shi ba. Sannan yana karɓar ƙwallo da baya ga raga, ya tokare ɗan baya da ƙugu, ya riƙe ta daƙiƙa biyu ko uku har 'yan uwansa su iso. Daƙiƙa biyun nan su ne bambancin hari da asarar ƙwallo. Kuma in an samu kwana, shi ne yake hana gola sakat. Ko a raga taku ma, in abokan karawa suka samu kwana, shi ne yake dawowa ya fitar da ita da ka.

Yanzu cire shi ka gani. 'Yan bayan tsakiya sun samu hutu, ɗaya ya isa ya tsare wanda aka saka a madadinsa, ɗayan kuma ya zama rara, ya tafi ya taya a rufe ɗan gefe. Shi ya sa ranar da babu lamba tara, wanda ya fi shan wuya shi ne gwanin yankan nan, domin mutum biyu ke jiransa maimakon ɗaya. Daga nan sai ka ga ƙungiya tana zagaye sha takwas kamar mai neman ƙofar gida a cikin duhu, daga dama a kai hagu, daga hagu a dawo dama, har haƙuri ya ƙare wani ya daddage ya buga daga nesa, ƙwallo ta tafi gonar mutane.

Ba ƙwallonmu kaɗai ke da wannan ciwon ba. A Amurka suna da wani wasan ƙwallo nasu da ake rungumar ƙwallon a hannu ana gudu da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. Su ma mutum 11 ne a kowane ɓangare. Yadi 20 na ƙarshe kafin layin ci suna kiransa jan yanki, saboda a nan fili yake matsewa, kamar dai sha takwas ɗinmu. A cikin 'yan wasansu akwai wani ƙato da ke tsayawa a ƙarshen sahu, aikinsa biyu: wani lokaci ya tokare abokin gaba don ɗan uwansa ya wuce, wani lokaci ya zame ya shiga ciki a jefo masa ƙwallo ya cafe a saman kowa. Masu tsaro ba su san wanne zai yi ba sai ya yi. In babu shi, ƙungiya takan kai jan yankin ta cije, ta koma bugun ƙafa mai maki 3 maimakon shiga da ƙwallo mai maki 6. Akwai wani da ya yi suna a wannan matsayi, Rob Gronkowski na ƙungiyar New England Patriots, wanda a kakar 2011 ya cafe ƙwallon ci har sau 17. A ƙarshen 2016 ya ji ciwo a baya aka yi masa tiyata, bai ƙarasa kakar ba. Amma ƙungiyarsa ta ɗauki kofin ƙasar a watan Fabrairun 2017, ta doke Atlanta Falcons da 34 da 28. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tun kafin kakar ta fara sun ɗauko wani ƙaton mai irin aikinsa, Martellus Bennett. Ba su jira ciwo ya zo ba kafin su nemi magani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu dawo gida, inda abin ya yi mana zafi.

Ku tuna Garwa, a watan Janairun 2022. Gasar Kofin Nahiyar Afirka a Kamaru, Super Eagles ba ta da Victor Osimhen, wanda ya samu karaya a fuska a wasan Napoli da Inter Milan a watan Nuwamban 2021. A rukuni mun yi rawar gani: muka ci Masar 1 da nema, muka ci Sudan 3 da 1, muka ci Guinea-Bissau 2 da nema. Filin Garwa kuwa kamar a Kano ake wasa saboda yawan masu goyon bayanmu. Moses Simon yana ta yanka a gefen hagu, duk gidajen kallo sunansa ake kira. Sai aka zo wasan Tunisiya ranar 23 ga Janairu. Su Tunisiya sun zauna sun yi karatunmu. Suka ga cewa wutar Najeriya daga gefe take tasowa, kuma a tsakiyar sha takwas babu wanda zai tilasta musu ajiye mutum biyu. Sai suka kwashi mutanen suka kai gefe. Duk sanda Simon ya karɓi ƙwallo, biyu ne a gabansa, wani lokaci uku. Youssef Msakni ya buga ɗaya daga nesa ta shiga, aka ba Alex Iwobi jan kati, muka tattaro kayanmu. Abin da na gani a filin firamaren Dawanau, shi ne dai aka gani a Garwa, sai dai can duniya ce ke kallo.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 2026. Wasanni huɗu na farko Osimhen bai buga ko ɗaya ba. Lesotho ta zo har Uyo ta riƙe mu 1 da 1. Zimbabwe 1 da 1. Afirka ta Kudu a Uyo 1 da 1. Jamhuriyar Benin ta doke mu 2 da 1 a Abidjan. Maki 3 cikin 12. Kuma kada wani ya ce babu 'yan wasa. Akwai Ademola Lookman, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2024. Akwai Victor Boniface da Kelechi Iheanacho. Amma ku duba waɗanda suka ci mana ƙwallaye huɗun nan: Semi Ajayi ɗan baya ne, Fisayo Dele-Bashiru da Raphael Onyedika 'yan tsakiya ne, Iheanacho ne kaɗai ɗan gaba a cikinsu. Da Osimhen ya dawo a watan Maris na 2025, ya ci biyu a Kigali muka doke Ruwanda 2 da nema. A watan Oktoba ya ci Benin uku rigis a Uyo, aka tashi 4 da nema. A Rabat ya ci Gabon biyu a ƙarin lokaci. Sai wasan ƙarshe da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ranar 16 ga Nuwamban 2025. Frank Onyeka ya ci mana tun da farkon wasa, Kwango ta farke, aka tafi hutun rabin lokaci 1 da 1. Da aka dawo, Osimhen bai dawo ba, ya ji ciwo. Duk wanda ya kalli ragowar wasan ya ga yadda 'yan bayan Kwango suka saki jiki suka matso gaba, domin babu sauran abin tsoro a bayansu. Muka lallaɓa har bugun fenareti, suka cinye mu 4 da 3. Kofin Duniya biyu ke nan a jere babu Najeriya.

Wasu za su ce wannan ai yabon Osimhen ne. Ni a wurina tuhuma ce ga masu tsara ƙwallon ƙasar nan. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, a ce cinyar mutum ɗaya ta riƙe, shi ke nan an rasa yadda za a shiga sha takwas? Ciwo ba baƙon abu ba ne a ƙwallo. Duk koci ya san wata rana zai wayi gari babu gwaninsa. Abin tambaya shi ne me ya tanada. Ko dai a samu wani mai irin aikin, a saba da shi tun ana zaune lafiya, yadda waccan ƙungiya ta Amurka ta yi, ko kuma a koyi wata hanyar shiga daban: ƙwallo a ƙasa, a kai bakin layi a maido ta baya ga mai tahowa, 'yan tsakiya biyu su riƙa kutsawa ciki lokaci guda. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka cire dogo ka saka gajere, sannan ka ci gaba da kwaɗo ƙwallo a sama kamar babu abin da ya canja. Wannan kuskuren na gan shi a Uyo, na gan shi a Ƙofar Mata, na gan shi a filin firamare.

Tunda na ambaci Ƙofar Mata, mu taɓa Sai Masu Gida, wato Kano Pillars. Ƙungiyar, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Wanda ya shiga filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a shekarun ɗaukar kofi uku a jere ya san cewa ba Rabi'u Ali Pele kaɗai ke aikin ba. Akwai Gambo Muhammad a gaba, yana kokawa da 'yan baya, yana buɗe wa Pele hanya. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka tare motar ƙungiyar a kan hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo. A wannan shekarar kofin ya bar Kano ya koma Aba wajen Enyimba, kuma har yau bai dawo ba. Ba na cewa raunin mutum ɗaya ne ya jawo haka, abubuwa da yawa sun haɗu. Amma masu zuwa fili sun san gaban Pillars ya daɗe bai koma yadda yake ba. A 2018 aka samu Junior Lokosa, ya ci ƙwallo 19, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar. Ba a jima ba Esperance ta Tunisiya ta ɗauke shi. Haka abin yake tafiya: a samu ɗaya, ya yi kaka guda, a sayar, a koma ana jiran firikik ɗin Pele, mutumin da ya haura shekara 40 yana ɗauke da nauyin ƙungiya. Allah ya saka masa da alheri, ya yi wa Kano abin da ba za a manta ba. Amma nauyin ya yi masa yawa, kuma ba shi ya kamata a ce har yanzu ana ɗora wa ba.

Laifin kuma ba na shugabannin ƙungiya ba ne su kaɗai. Mu 'yan kallo muna da namu kason. A Kano yanka muke so. Yaro ya wuce mutum uku ya zubar da ƙwallo, za mu tafa masa. Dogon yaro ya tokare 'yan baya biyu minti 90, ya sha duka, ya sauke wa wani ƙwallo da ƙirji aka ci, sai mu ce ba ya taɓuka komai. Yaran unguwa suna jin mu. Shi ya sa kowane yaro yake son ya zama ɗan gefe ko lamba goma, kuma in koci ya ga yaro mai tsawo da ƙashi sai ya tura shi baya ko raga. Alhali arewacin ƙasar nan ne ya fitar da Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya fara a ƙungiyar masaƙar UNTL, ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, ya zama gwarzon Afirka a 1993, kuma shi ya ci mana ƙwallonmu ta farko a Kofin Duniya a ragar Bulgeriya a 1994. Irin jikin Yekini bai ƙare a ƙasar nan ba.

Ku shiga kasuwar Dawanau da hantsi ku gani. Kasuwar hatsi ce da ake zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, tireloli a jere a kan titin Katsina. Za ka ga saurayi ɗan shekara 18 ya sunkuya an ɗora masa buhun gero ko wake a wuya, ya miƙe, ya bi ta kan katakon da aka jingina a bayan mota yana hawa ba ya tangaɗi, ya sauke a inda ake so, ya sauko ya ɗauki wani. Ƙugu, wuya, cinya, da iya riƙe jiki a kan ƙafa ɗaya: abin da ake kashe kuɗi a Turai ana gina wa ɗan wasa a ɗakin motsa jiki, shi neman halal ya gina masa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai koya masa lokacin tashi sama, da yadda ake saka goshi ba tsakiyar ka ba, da yadda ake karɓar ƙwallo da baya ga raga, da yadda ake kauce wa satar gida. Waɗannan koyo ake yi. Tsawo da ƙashi kuwa ba a koyar da su.

Sai dai ga gaskiyar da ba a so a faɗa: yaron nan ba zai bar dako ya zo atisaye da yunwa ba. Iyayensa ma ba za su yarda ba, kuma suna da hujja. Da damina yana gona, da kaka yana kasuwa, da rani wataƙila ya tafi cirani kudu. Ƙungiyar ƙauye takan rasa lamba taranta ba don ciwo ba, sai don cefane. Saboda haka in ana son ya tsaya, sai an rage masa asarar yinin. A Dawanau akwai 'yan kasuwar da kuɗin lodin mota ɗaya ya fi abin da ƙungiyar unguwa take kashewa a shekara. Da yawansu masoya ƙwallo ne, da daddare suna gidan kallo suna musu a kan Arsenal da Madrid. In mutum biyu ko uku suka ɗauki nauyin kuɗin mota da takalmi da ɗan abin sakawa a aljihu na ranar wasa, yaro zai zo fili hankalinsa kwance.

Ku kuma masu horar da yara a Dawanau, da Dawakin Tofa, da Tofa, da Bichi, da Ungogo, roƙona gare ku biyu ne. Kada ku tura kowane dogon yaro baya, ku gwada shi a gaba wata uku kafin ku yanke hukunci. Kuma kowace ƙungiya ta tanadi mutum biyu a wannan matsayi, tana ba na biyun minti 20 ko 30 ko da na farkon yana nan lafiya, domin ranar da tirela za ta zo ba a sanar da ita. Masu neman 'yan wasa na Kano Pillars da hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kano, daga Ƙofar Mata zuwa Dawanau ba tafiyar yini ba ce. Ku fito wata la'asar ku tsaya a gefen filin firamare, ku bar kallon mai yanka na minti goma, ku kalli wanda 'yan baya biyu suke riƙe wa riga.

Dogon yaron nan da bai zo ba ranar da na je, an ce min Juma'a mai zuwa suna da wasa, kuma ya yi alƙawarin zai nemi wani ya riƙe masa layinsa a kasuwa. Ni dai in Allah ya kai mu ina gefen fili. Wanda yake kusa ya zo mu kalla tare.